Ba Takalmanka Ba Ne, Fergus

Gangaren Ailsa,
Pipers River, Tasmania,
6 ga watan Mayu.

Zuwa ga ƙanena Fergus,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marisol da ƴar lelena Wren. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana yarinyar nan, Ya sa aikin da ya kai ka Oregon ya zama alheri. Na san yanzu ku can inabi ya fara toho, mu nan kuwa ganye ya gama zuba, sanyi ya fara shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Duk muna lafiya. Baba yana nan da gwiwarsa, likita ya ce ya rage hawa gangare, shi kuma ya ce likitan ya rage magana. Gwaggo Noeline ta tare a wurinmu tun watan Fabrairu, ta ce ta zo taya mu girki ne na mako biyu, ga shi har yau akwatinta yana ƙarƙashin gado. Maigidana Dermot ya ƙara ƙiba, yana ɗora laifin a kan girkinta.

Za ka yi mamakin ganin takarda da ambulan kamar a zamanin kakanni. Dalili shi ne na kira ka sau goma sha ɗaya ba ka ɗauka ba, saƙonnin da na tura kuma ko buɗewa ba ka yi. Ban ga laifinka ba. Amma takarda ba a kashe ta kamar waya, kuma na san Marisol za ta ajiye maka ita kusa da kofin shayinka har sai ka karanta. To bari in fara da abin da ya fi komai, kada ka yi ta karatu gabanka yana faɗuwa: babu filoksera, ƙwaron nan mai kashe inabi, a gonarmu. An tona, an gwada, an sake gwadawa, ko ƙwaro ɗaya ba a samu ba. Ba takalmanka ba ne, Fergus. Ka ajiye takardar ka yi numfashi, sannan ka ci gaba, don sauran labarin yana da tsawo, kuma akwai wurin da na tabbata sai ka yi dariya ko ba ka so.

Ban taɓa gaya maka yadda na ga ranar nan ba, ranar Kirsimeti shekara uku da suka wuce. Ka sauka daga jirgin ruwa da safe, daga kwarin Yarra inda kake aiki a lokacin, inda kowa ya san ƙwaron yana cikin ƙasa. Ko cikin gida ba ka shiga ba, ka zarce ƙofar tsohon gangare don ka ga inabin Mama. Bahon roba yana nan a bakin ƙofa da ruwan maganinsa, wanda kowa ke tsayawa a ciki har a ƙirga sittin kafin ya taka gona, kai kuwa ka tsallake shi da takalman aikinka. Ina tsaye a baranda ina ganin Baba yana gangarowa da sauri yana ɗaga hannu. Na ji lokacin da ka ce masa, “Haba Baba, yau ni ne baƙo a gonar uwata?” Shi kuma ya ce ƙwaro bai san ɗan gida ba. Ka rantse ka wanke takalman kafin ka taso, ya ce wanki daban, magani daban. Haka muka ci naman ragon ranar ba mai kallon wani, Gwaggo tana ta miƙa dankali ga mutanen da ba su nema ba. Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗa maka ita don ni yayarka ce: ranar nan kai ne ba ka kyauta ba.

Kai da kanka ka san abin da ya sa Baba yake haka. Kurangun inabin tsohon gangare ba su da aure, wato ba a haɗa su da saiwar wani iri mai jure ƙwaro ba, a kan saiwarsu ta asali suke tsaye tun ranar da shi da Mama suka dasa su, shekara talatin da takwas ke nan. Filoksera kuwa saiwa take ci, kamar kwarkwata a gindin gashi, kuma idan ta shiga gona irin tamu babu magani sai tuge komai. Tsibirin nan bai taɓa ganinta ba, shi ya sa muke zaune da tsoro irin na wanda bai taɓa yin ciwo ba. Wani wanda yake haɗa inabin gonaki goma a tukunya ɗaya, in gona ɗaya ta mutu sai ya sayo na wata. Mu kuwa kwalbar jar giyarmu ta pinot noir sunan Mama, Ailsa, ne a jikinta, kuma ɗigo ɗaya ba ya shiga cikinta sai daga layukan nan arba’in da biyu. In sun tafi, sunan ya tafi.

Bayan ka koma, Baba bai huce ba. Ya ce bahon roba abin wasa ne tunda ana iya tsallake shi. A watan Janairun da ya biyo baya ya kira motar siminti, ya sa aka zuba daɓe mai kauri a bakin ƙofar, da rami a tsakiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, yadda ba mai shiga sai ya tsoma ƙafa ko ya yi fiffike. Ba ka gan shi ba, don ba ka sake zuwa ba. Ya yi alfahari da daɓen nan ƙwarai. Duk baƙon da ya zo ɗanɗana giya sai ya kai shi ya nuna masa, Dermot har ya sa masa suna kogin Urdun, wai ba mai shiga ƙasar alkawari sai ta cikinsa.

To a ƙarshen watan Fabrairun bana, muna jan raga a kan layuka saboda tsuntsaye, Dermot ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu. A gindin gangaren, daidai bayan ƙofa, kurangu kamar ashirin sun yi ɗorawa tun lokaci bai yi ba. Rassan gajeru, ganyen ƙanana, nonnan inabin sun tsuke. Da na ja baya na dube su daga nesa sai na ga abin ya yi da’ira, na tsakiya sun fi jin jiki, na gefe suna biye. Fergus, kai ka san hotunan da aka yi ta nuna mana a taron manoma, kuma ka san ana cewa sai bayan shekara biyu ko uku ake fara ganin alama. Dermot ya ce kada mu gaya wa Baba tukuna, muna juyawa sai ga shi tsaye a bayanmu da sandarsa. Ya dubi kurangun, ya dubi ƙofar, ya ƙirga da yatsu uku, ya juya ya nufi gida.

Abin da ya faɗa maka a waya ranar, ba sai na maimaita ba, kunnenka ya ji. Ina cikin kicin ɗin, na ji lokacin da ya ce ka sa uwarka ta mutu sau biyu, kuma kada ka sake taka masa gona. Abin da nake so ka sani shi ne ina tsaye a wurin, tawul a hannuna, ban ce uffan ba. Ba tsoronsa ne ya hana ni ba, ka san ni da Baba mun saba kai ruwa rana. Na yi shiru ne don a raina ni ma na yarda da shi. Har na ce wa Dermot daga baya, wai tun kana yaro kai ne mai fasa abu a bar ni da shara. Wannan magana tana damuna har yanzu, kuma gara ka ji ta daga bakina.

Washegari rigima ta dawo tsakanina da Baba. Doka ta ce duk wanda ya yi zargin ƙwaron nan a gonarsa ya sanar da hukuma nan take. Baba, mutumin da ya zuba siminti don tsare doka, shi ne ya ce a dakata sai an gama girbi. Ya ce mako shida ne kawai, a bar shi ya cire inabin Mama na ƙarshe cikin mutunci kafin a zagaye gonar da jan ƙyalle, a mai da shi abin nuni a gari. Na ce masa a cikin mako shidan nan masu tsinka talatin za su shiga su fita, daga nan su wuce gonar Clarrie Bessell maƙwabcinmu, daga can su bazu ko’ina. Ya ce ni ba ni da tausayi, tun ina ƙarama haka nake, na gado dangin uwarsa. Gwaggo Noeline da ke yankan albasa ta ce, “Lindsay, uwar taka ai tawa ce, ka bar ta ta huta a kabarinta. Yarinyar nan ta fi ka gaskiya, kuma ka sani, shi ya sa kake ihu.” Na fita baranda na buga wa hukumar waya. Kwana huɗu bai yi mini magana ba, gishiri ma sai ya ce wa Dermot ya ce mini in miƙo.

Ma’aikata biyu suka zo, shugabarsu wata mata ce mai suna Anneke, doguwa, ba ta da yawan magana. Sun sa fararen riguna har kai, suka tsaya a kogin Urdun suka ƙirga sittin, Baba yana kallo daga nesa, na ga duk da baƙin cikinsa abin ya yi masa daɗi. Suka tona gindin kurangu, suka yanki saiwa suna dubawa da gilashin ƙara girma, suka kifa ƙananan bokitai a ƙasa don kama duk abin da zai fito, suka ɗebi ƙasa a leda aka aika ɗakin gwaji. Anneke ta ce ba ta ga ƙwaro da idonta ba, amma kada mu yi murna tukuna, don saiwar ta lalace sosai, kuma wani lokaci ƙwaron yakan gama ɓarna ya matsa gaba. Ta ce har sakamako ya fito, ba tarakta, ba akwatin inabi, ba ko almakashi da zai fita daga gonar.

Kwana goma sha tara muka yi a haka. Ban taɓa sanin kwana yana da tsawo ba sai a lokacin. Inabi yana ta nuna abinsa, iskar teku tana tasowa da yamma kamar kullum, ni kuwa kowace safiya sai na je na ƙirga kurangun da suka yi ɗorawa, ko sun ƙaru. Labari ya zaga gari, ka san Lilydale. In na shiga kanti sai hira ta mutu, kowa ya kama duba abin da ke hannunsa. Wata mata, ba zan faɗi sunanta ba don ka san ta, ta tambaye ni da murmushi wai yaya ƙanena na Amurka, ashe dai ya bar mana tsaraba. Na ce mata yana gaishe ta, na fita na zauna a mota na yi kuka don haushi. Amma akwai mutanen kirki. Clarrie, wanda in abin ya tabbata farin inabinsa na chardonnay ne na gaba, kullum da hantsi sai ya zo bakin shinge ta ɓangarensa, ya miƙo mana tuffa ko burodin da matarsa ta gasa. Ya ce wa Baba, “Tsoho, in ƙwaron ne, tare za mu tuge, tare za mu dasa. Ka daina tsuke fuska kamar wanda ya sha giyarka ta shekarar farko.” Shi kaɗai ya sa Baba murmushi a kwanakin nan.

Ranar Talata da rana Anneke ta zo da kanta, ba ta buga waya ba. Da na ga motarta a ƙofa na ce shi ke nan, ba a tako ƙafa don labari mai daɗi. Ta sauko ba farar riga, da tufafinta na gida, tun daga nan Dermot ya matse mini hannu. Ta ce gwaji biyu aka yi, duka babu komai, tarkunan ma babu komai, an ɗage dokar. Na zauna a kan matakala. Gwaggo ta yi ta godiya ga Allah tana share ido da gefen rigarta. Baba ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, “To me ke kashe su?” Anneke ta ce abin da ya kawo ta ke nan. Ta ce tun ranar farko ta lura saiwar baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, ƙasar ramin kuma tana warin kwata, alhali rabonmu da ruwan sama an yi makonni. Ta ce ita a ganinta kurangun nan nutsewa suke yi, kuma ta tambaya ina ruwan gangaren yake bi ya fita.

Baba ya ce ai wannan ba matsala ba ce, shi da Mama sun binne bututun yumɓu tun kafin su dasa ko kuranga ɗaya, yana tattara ruwan gangaren duka ya zubar a rafi. Ta ce ta ina ya bi. Ya ɗaga sanda zai nuna mata, ya bi layin da ita daga sama, yana saukowa, yana saukowa, har sandar ta tsaya a kan ƙofa. Hannunsa ya tsaya a sama. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi irin wannan launi ba. Dermot ya ɗauko ƙaramar motar tono, muka haƙa a gefen daɓen, ba mu kai ƙugu ba ruwa ya ɓulɓulo, baƙi, mai wari. Ga bututun nan a farfashe, ya niƙe a ƙarƙashin simintin, daidai inda motar simintin ta tsaya ta juye kayanta. Damina uku ruwan gangaren yana sauka yana rasa hanya, yana kwanciya a gindin kurangun Mama.

Muka tsaya a bakin ramin. Anneke, baiwar Allah, ta ce tana da wani aiki a Scottsdale, ta shiga mota ta tafi. Ni na kasa kallon Baba. Gwaggo Noeline ce ta leƙa ramin, ta leƙa ƙaninta, ta ce, “Ashe filokserar tamu hula take sawa, har da sanda.” Dermot ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka Baba zai fashe, amma ko kallonta bai yi ba. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, wai Ailsa ce ta riƙe igiyar awo ranar da suka binne shi, kuma ta ce masa ya rubuta inda ya bi, ya ce ba ya mantuwa. Daga nan ya tafi rumfar kayan aiki. Na bi bayansa don na tsorata, sai na gan shi ya fito da babbar guduma.

Kwana uku ya yi yana fasa daɓen nan da hannunsa, mutum mai shekara saba’in da huɗu da ciwon gwiwa. Dermot ya ce injin zai gama shi cikin rabin awa, Baba ya ce wanda ya zuba shi ne zai fasa. Na bar shi, don na gane ba simintin kaɗai yake duka ba. Gwaggo tana kai masa shayi tana tsaye a kansa tana cewa ya bugi can, ya bar nan. Yanzu an sa sabon bututu, ruwa yana zuba a rafi har ana jin ƙararsa daga ƙofa, tsohon bahon roba kuma ya koma wurinsa. Kada ka ɗauka an yafe maka shi. Ranar da ka zo, ni da kaina zan tsaya a kanka in ƙirga sittin, kuma a hankali zan ƙirga.

Girbi ya zo mana lafiya, Allah Ya rufa asiri. Mun tsinke chardonnay na bakin rafi a makon ƙarshe na Maris, tsaminsa tsaf yadda kake so, ƙamshinsa kamar an ɓare lemun tsami kusa da farin furen tuffa. Yana cikin ganguna yanzu yana ta tsuwwa. Pinot noir kuwa mun jira shi har tsakiyar Afrilu, don shekarar ta yi sanyi, ya nuna a hankali. Mun bar kurangun da suka sha ruwa ba mu taɓa su ba, muka ɗauki sauran. Ƴaƴan ƙanana ne, fatar da kauri. Da muka buɗe tukunyar farko bayan kwana biyar, Baba ya sa kai ya shaƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce irin na shekarar da aka haife ka ne. Ganga goma sha ɗaya muka samu maimakon sha uku, kuma wallahi ban taɓa ƙirga ganguna da farin ciki irin na bana ba. Clarrie ya zo ya ɗanɗana daga tukunya, ya tofar, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa ka san babban yabo ne.

Yanzu ga abin da ya rage. A cikin kurangun da suka nutse, waɗanda ashe sun fi ashirin ɗin farko nesa, wasu za su farfaɗo, amma sittin da uku sun mutu, sai an maye gurbinsu. Dermot ya kawo shawara mu sayo dashe masu aure daga wurin masu reno, ko don gaba. Baba ya ce a sabon fili a yi haka, ya yarda, amma a gangaren Mama ba za a sa baƙon itace ba, daga jikin tsofaffin za a yanki rassa a watan Yuli a kafa. Na ce to ni zan zaɓa. Ya girgiza kai, ya ce ni idona na ganga ne, ba na itace ba, kuma a gidan nan mutum biyu ne kawai suka iya duban kuranga a cikin sanyi, ba ganye ba ƴaƴa, su san wadda za ta haifi ƴaƴa nagari. Ɗaya tana kwance a maƙabartar coci. Bai faɗi ɗayan ba, ya tashi ya fita duba abin da ba ya bukatar dubawa. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye maka ba, shekara ashirin ina bin layukan nan. Amma gaskiya ya faɗa.

Saboda haka ina roƙonka, ƙanena, ka zo a watan Yuli. Na san lokacin aiki ne a wurinku, na san tafiyar ba kusa ba ce, kuma na san ba mu da bakin da za mu nemi komai a wurinka. Ka yafe mini shirun da na yi a kicin. Na ƙyale aka ɗora maka abin da ba ka yi ba, kuma wata biyu ke nan kana ɗauke da shi kai kaɗai a ƙasar mutane. Marisol ta gaya wa Gwaggo ba ka barci, ka rame. Duk lokacin da na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. In ka ce ba za ka zo ba, ba zan ce ka yi laifi ba, za mu jira wata shekarar, ramukan su zauna a buɗe.

Game da Baba, kada ka sa ran zai kira ka. Sau uku na gan shi ya ɗauki waya ya ajiye. Jiya da safe ya same ni ina wannan rubutu a teburin kicin, ya tambaya wa nake rubuta wa, alhali ya sani. Ya ce in gaya maka an samu ganga goma sha ɗaya. Na ce na gaya maka. Ya ce in gaya maka an gyara bututu. Na ce wannan ma na faɗa. Ya yi ta juya hularsa, sannan ya ce to in bar masa wuri kaɗan a ƙasan takardar. Na ce zan bari, amma da sharaɗin ba zan gyara masa ko harafi ɗaya ba, kuma ba zan rubuta a madadinsa ba. Yau da hantsi ya zauna da biro fiye da awa guda, Gwaggo ta kore mu duka daga kicin ɗin. Abin da za ka gani a ƙasa shi ne abin da awa gudan ta haifa.

Ka gaishe mini da Marisol sosai, ka ce mata na gode da haƙurin da ta yi da danginmu masu taurin kai. Ka sumbaci Wren, ka ce mata gwaggonta tana jiran ta ga sababbin haƙoran nan da ido. Ka miƙa gaisuwata ga surukanka, Ignacio da Pilar. Dermot yana gaishe ka, ya ce ka taho masa da wuƙar dashe irin taku ta can. Gwaggo Noeline ta ce in gaya maka ta gyara ɗakinka, kuma ba ta tambayi ra’ayin kowa ba. Clarrie da matarsa Beryl suna gaisuwa. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ke kewarka,
Rhona.

Fergus, ni na kashe su, ba kai ba. Maganar da na faɗa maka ba ta da kyau, kuma ba gaskiya ba ce. Ka zo gida.
Babanka.